Kwalin Ustaz Yunus da Na Ƙona

A shekara ta biyu da zuwana Madina na ƙona wa wani bawan Allah aikin da ya daɗe yana tarawa. Da hannuna na ƙyasta ashanar, har da bisimilla, na koma ɗaki ina jin na sami lada. Mutumin ɗan ƙasar Sin ne, ɗan Caina yadda muke cewa, sunansa Ustaz Yunus. Amma kafin in kai nan sai na faɗi yadda aka yi mahaddacin Alƙur'ani ɗan Haɗeja ya tsinci kansa a kan bishiyar dabino.

Ejan da ya yi mini biza a Kano cewa ya yi makarantar hadda ce ke neman malami. Har ajin ya kwatanta mini, ya ce daga taga ana hango Masallacin Annabi. Da na sauka Jidda wanda ya zo ɗaukata direban a-kori-kura ne, wani Bahaushen Chadi mai suna Adamu. Ya dubi babbar rigata, ya dubi jakar littattafaina. Sai da muka yi nisa ya ce, "Malam, kai wane shugul, wane aiki aka ce maka za ka yi?"

Na gaya masa.

"La haula," in ji shi a hankali. "Ya akhi, mazra'a za mu, gonar dabino. Haka aka rubuta a bizarka. Ka yi haƙuri, ba kai ne na farko ba."

Na yi ta bambami tun daga nan har Madina, shi kuwa yana tuƙinsa yana miƙo mini ruwa.

Gonar tana unguwar Al-Awali, cikin doguwar katanga. Mai ita, wanda shi ne kafilina, wato ubangidan da bizata ke ƙarƙashinsa, wani dattijon Balarabe ne, kuma ba mugu ba ne. Lebura ya nema aka kawo masa, bai san da zancen wata makaranta ba. Na ce gida zan koma, ya ce ga fasfona duk ranar da na shirya. Sai na tuna walimar da aka yi mini, da tsofaffin da suka ba ni saƙon gaisuwa ga Manzon Allah, da malaman unguwarmu da na ɗan yi wa ɗagawa kafin in taho. Kunya ta zaunar da ni, ba wani tawakkali ba. Na koyi hawa da igiya, na koyi datse ƙaya, na koyi ɗauko furen namijin dabino in sa wa macen da hannu. Matata Hajara takan aiko mini da kaset ta hannun masu zuwa Umra, ta yi mini labarin gida kaf, har da wanda akuyarsa ta haihu. Nakan saurara har batir ya mutu, wani lokacin ina kuka, ba na ɓoyewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Larabcina. Na littafi na iya, kuma duk inda na buɗe baki a kasuwa sai a yi dariya, a ce ga wani ya fito daga cikin hadisi yana neman tumatir.

Lokacin aikin Hajji ni da Adamu muke kai kwalayen dabino Bi'ir Ali, inda motocin alhazai ke tsayawa a ɗaura harami kafin a nufi Makka. A nan na fara ganin Ustaz Yunus: gajere, farar hula, gemu 'yan ƙirgau, lema a hannu ɗaya, takarda a ɗaya, yana ƙirga tsofaffin ƙasarsu suna shiga mota. Shi ya yi odar dabinon. Da ya zo karɓa sai idonsa ya kai kan hannuna, inda ƙayar dabino ta karye a ciki tun mako guda, ya kumbura suntum.

"Ya ɗan'uwana, tun yaushe hannunka yake haka?"

Da Larabcin littafi ya yi maganar, tsaf, da wasulansa a cike, irin nawa sak. Na amsa masa da irinsa. Muka dubi juna muka yi dariya, don kowa ya gane an sha yi wa ɗan'uwansa dariya a kasuwa.

Washegari ya zo har gona da tsohuwar motarsa ya kai ni wurin wani likita ɗan Najeriya abokinsa, aka tsaga hannun aka cire ƙayar. Daga can bai mai da ni ba, gidansa ya wuce da ni a unguwar Bani Harisa. Matarsa ta aiko da taliyar da ta ja da hannunta cikin romon naman sa, da shayi a wani ɗan kofi mai murfi. Aka ajiye mini tsinkaye biyu irin waɗanda suke cin abinci da su. Na yi ta kokawa da su har Ustaz ya tausaya mini ya kawo cokali. Tun daga ranar Juma'ata a gidansa take.

A can na san ko shi wane ne. Mahaifinsa limami ne a wani ƙauye a arewa maso yammacin ƙasarsu. Shi kuma ya fito neman ilimi yana saurayi, ya bi ta Pakistan, ya iso Madina da akwati ɗaya. Ya yi karatu har ya ƙure shi, ya zama malami mai fassara, ya zauna. 'Yan ƙasarsu da ke garin ba su da wani sarki, amma duk abin da ya taso ƙofarsa ake bugawa. In tsoho ya ɓata a Harami shi ne, in za a yi wa maras lafiya tafinta a asibiti shi ne, in an mutu shi ke wanka, in masu gidajen taliya biyu sun yi faɗa a kan mai dafa abinci a falonsa ake sulhu. Ban taɓa ganin ya gama kofin shayi da zafinsa ba. Na kuma lura yana yawan keɓewa da tsofaffin alhazai, yana tambaya yana rubutu a 'yan katuna. Na ɗauka koke-kokensu yake rubutawa.

Gab da girbi mai gona ya ce in share ɗakin ajiya. A saman kanta akwai kwalayen dabino a jere an ɗaure su da igiya, waɗannan ban taɓa su ba. Amma ɗaya ya faɗo ƙasa ya fashe, ga alama ya daɗe a nan, kuma ruwan da ke yoyo daga bututun ban-ruwa ya shige shi. Katuna ne fal a ciki, wasu sun manne da juna, gara ta ci gefensu, ɓera ya yi kashi a kai. Na ɗaga ɗaya sai na ga aya. Na ɗaga wani, aya. A ƙarƙashin kowace akwai rubutun 'yan Caina.

Mu yadda muka taso, ba a barin sunan Allah a ƙasa. Mahaifina ko a kasuwa ya ga 'yar takarda mai Larabci sai ya tsuguna ya ɗauka, ya sumbata, ya sa a aljihu, in sun taru ya ƙona su a wuri mai tsarki ya binne tokar. Da na ga ayoyi cikin kashin ɓera sai na tsuguna na shiga tsince su. Na ce a raina waɗannan tsofaffin darussan ɗaliban Ustaz ne aka watsar, kuma da ya gani da ransa ya ɓaci. Ban tambayi mai gona ba, ban tambayi Adamu ba. Na yi alwala, na haƙa rami a gindin katanga, na juye katunan, na zuba kananzir saboda danshi, na ƙyasta ashana. Na tsaya a kai har ya cinye, na rufe.

Ranar Juma'a, bayan an ci taliya, na gyara zama.

"Ustaz, na yi maka wani aiki a gona, ban so in faɗa ba don kada lada ya ragu."

Na kwashe labari na ba shi, har da yadda na zaɓi wuri mai tsabta. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"Me aka rubuta a jikin kwalin?"

"Harafi biyu, sodi da lodi," na ce, yadda muke kiran su a makarantar allo. Da na ga bai gane ba sai na zana masa su da yatsa a kan dardumar.

"Duka ka ƙona?"

"Ko ɗaya ban bari ba."

Ya tashi ya ɗauki makullin mota. Na bi shi muka tafi Al-Awali. Na tone ramin, ya tsuguna yana juya tokar da yatsa. Ya sami wani ɗan gefen kati da bai ci ba, ya hure shi, ya duba, ya sa a aljihu. A nan, a tsugune, ya gaya mini abin da na ƙona.

Ya ce a ƙasarsu an yi wasu shekaru da aka rufe masallatai aka ƙona littattafai, har da na mahaifinsa. Yadda malaman da suka wuce suke bayyana kalmomin Alƙur'ani da harshensu bai rage a takarda ba, sai a kawunan tsofaffin da suka ji daga bakinsu. Tsofaffin nan su ne ke zuwa Hajji. Shi ya sa kowace shekara yake zama da su, ya karanta aya, ya ce malaminku yaya yake fassara wannan kalma, ya rubuta, ya sa sunan tsohon da na garinsu. Littafi yake son yi da su ya mayar gida, don haka ya jera katunan harafi-harafi, kowane kwali da nasa haruffan. Gidansa ya cika da baƙi ne ya roƙi mai gona, abokinsa, ya ajiye masa kwalayen. Da yawa daga cikin tsofaffin sun riga sun rasu.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na ji sauƙi.

Ya miƙe ya kakkaɓe hannunsa. "An taɓa ƙona mana littattafai don ƙiyayya," ya ce. "Wannan ne karo na farko da aka ƙona mini don ladabi. Ban san yadda ake fushi da irin wannan ba, Habibu. Ka ba ni lokaci."

Juma'a biyu ban je gidansa ba. Adamu ya ce, "Wallahi kai ma ka cika karambani. Amma khalas, aikin gama ya gama, ɓuyan me kake yi?" Ni dai na kasa. Ko abinci ba ya mini daɗi.

A mako na uku ina saman dabino na ji ana kira daga ƙasa. Ustaz ne da lemarsa.

"Sauko, ina da aiki da kai."

Ya ce ya gwada dawo da katunan daga littafin da ke jera kalmomin Alƙur'ani, abin ya ƙi. In ya dubi kalma a jere ba ya tuna komai. Amma jiya a masallaci liman ya karanta wata aya, sai ya ji muryar wani tsoho ta dawo masa da bayanin da ya yi, har da tarinsa. Da kunne ya karɓa, da kunne kuma zai tuna.

"Ka ce kai mahaddaci ne. In na ba ka kalma, za ka iya kawo mini duk inda ta zo?"

A karo na farko tun ranar ramin na ɗaga kai na dube shi. Wannan ai gidanmu ne. Mahaifina alaramma ne, kuma abin da alarammomi ke gasa a kai ke nan, wanda muke kira harji: a ba ka kalma ka faɗi sau nawa ta zo, da ina da ina, ba ka buɗe takarda ba. Shekara biyu ina Madina ba wanda ya tambaye ni ko Fatiha.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar in na gama ban-ruwa sai ya zo, mu shimfiɗa tabarma a inuwar dabino. Ya faɗi kalma, in jero masa ayoyinta ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya rufe ido. Wani lokaci a aya ta farko zai ɗaga hannu ya ce tsaya, ya rubuta da sauri yana motsa baki. Wani lokaci sai na maimaita sau biyar. Da ƙira'ar Warshu na tashi, shi kuwa Hafsu ya sani, ya yi ta tsokanata wai ina karanta masa Alƙur'ani da miyar kuka. In ya tuna wani tsoho yakan ba ni labarinsa: wannan makiyayi ne, wannan haƙoransa biyu, wannan a Baƙi'a aka binne shi kuma shi ya yi masa wanka. Sau da yawa muna tsaka da aiki mota za ta tsaya a bakin gona, wani ɗan ƙasarsu ya leƙo da matsalarsa, Ustaz ya sa alƙalami a aljihu ya bi shi. Sai gobe ke nan.

Mun fi shekara a haka. Mafi yawa sun dawo. Amma akwai kalma arba'in da ɗaya da ya ce ya tuna an faɗa masa wani abu, sai dai bai tabbatar da lafazin ba, ko bai tabbatar da wanda ya faɗa ba. Waɗannan ya bar katunansu fari.

A nan muka yi faɗanmu na farko. Ni fararen katunan nan su ne laifina a fili, ina so a rufe su.

"Ustaz, kai fa malami ne, ka fi tsofaffin nan karatu nesa ba kusa ba. Ka rubuta naka mana, wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"To littafi zai fita da giɓi?"

"Littafin ba nawa ba ne, Habibu, amana ce. Kai in ka manta aya, taka kake ƙirƙira ka cike wurin?"

Ban ji daɗi ba, kuma na nuna masa. Kwana uku ina karanta masa a daddaƙile.

Tace sauran haruffan da ke kwalayen da ban taɓa ba ya ci masa wasu shekarun. A tsakanin nan mai gona ya ɗora ni kan harkar sayar da dabino, na daina hawa, na samu na ɗauko Hajara da yara. Su yaran yanzu in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini, na kasuwar ma ba na littafi ba. Littafin Ustaz ya fito, an buga shi a can ƙasarsu. Ya kawo mini kwafi ɗaya, ya buɗe mini wajen sodi da lodi. Ga giɓin nan a fili, layi biyu-biyu babu komai. Ya ce a gabatarwa ya faɗi abin da ya faru, ya roƙi duk wanda ya ji bayanin kalmar daga malaminsa ya rubuta a wurin ya aiko.

"Har da sunana ka sa?"

"A'a. Na ce wani ɗan'uwa daga Afirka, mai yawan ladabi."

Ban zaci wani zai kula ba. Sai ga shi Hajjin da ya biyo baya mutum biyu sun zo da littafin a jaka, sun cike wasu wuraren da fensir. Shekarar gaba aka sami shida. Ustaz ba ya karɓa haka kawai, sai ya zaunar da mutum ya tambaye shi wa ya gaya masa, shi kuma daga wa ya ji. In ya gamsu ya rubuta a katin, ya kira ni a waya ya faɗa mini nawa suka rage. Ba ya ma sallama, lambar kawai yake faɗa ya kashe.

Wata shekara muna Bi'ir Ali da hantsi, na kawo dabino. Ustaz ya tsufa a lokacin, wani ne ke riƙe masa lema, amma har yanzu shi ke ƙirga mutane. Na ga wani dattijo cikin harami ya riƙe masa hannu yana magana, ga littafin a ɗaya hannun duk ya sha jiki. Ustaz ya nuno ni. Dattijon ya taho, ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya yi ta magana, ni ko kalma ɗaya ban ji ba.

"Me yake cewa?"

"Yana tambaya ko kai ne mai ashanar. Na ce kai ne."

"Ka ba shi haƙuri."

"Ba haƙuri yake nema ba. Ya ce mahaifinsa malami ne a wani ƙauye cikin duwatsu, ya rasu bai taɓa zuwa Hajji ba, don haka ni ban taɓa jin sa ba, kuma da ba zan ji ba. Da littafin ya iso garinsu ya ga wurin da babu komai, sai ya tuna yadda mahaifinsa yake bayyana kalma uku daga ciki. Ya ce da littafin ya fito a cike, da ya karanta ya ajiye. Yanzu sunan mahaifinsa zai shiga."

Dattijon bai saki hannuna ba. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka. Ban yarda na yi abin kirki ba, na san abin da na yi, kuma akwai tsofaffin da maganarsu ta tafi a ramin nan har abada. Amma nauyin da na yi shekaru ina ɗauke da shi ya ragu a wurin, ina tsaye tsakanin motoci.

Direba ya yi ham. Aka ja dattijon ya shiga, motar ta tashi suna talbiya. Ustaz ya zauna a kan kwalin dabinona, ya zaro katuna uku daga aljihu, ya rubuta a kan gwiwarsa, hancinsa kusan yana taɓa takardar saboda ido ya yi rauni. Da ya gama ya miƙo mini.

"Riƙe mini waɗannan, aljihuna ya cika."

Na tsaya ina dubansa, ban miƙa hannu ba.

"Karɓi mana," ya ce. "Saura tara."